Yadda muka mai da kangon injin shinkafa wurin shan iska a bakin ruwan Yawuri

Filin da aka ba ni in tsara tsohon injin casar shinkafa ne da ya daɗe da mutuwa, ga kuma garejin gyaran injin jirgin ruwa a gefensa. Waɗanda suka ba ni aikin, lambu suke so, da kujeru da fitilu, inda iyali za su zauna da yamma su kalli kogin Neja. A takarda abu ne mai sauƙi.

Sai dai filin bakin ruwa a Yawuri ba shi da girma ɗaya duk shekara. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan nan ya zama saman tafki, yana hawa yana sauka. Kuma sau biyu Neja ke kawo ruwa: na daminarmu, wajen Agusta zuwa Oktoba, sai wanda ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi ta jan ƙafa ta Mali da Nijar, ba ya isowa sai cikin hunturu. Wato lokacin da baƙo ke zaton rani ya shigo, a lokacin gaɓa take cike.

Wani dattijo Basarke da ke ɗinkin koma a gindin tsamiya ya ja ni jikin bangon injin. Ya ɗora yatsa kan wani layin laka da ya bushe, ya kai min ƙirji.

"Ɗana, nan ya tsaya a 2020. Duk abin da za ka kafa ƙasa da nan, ka ba ruwa."

"To Baba, ƙasan fa? A bar shi haka?"

"A bar mana mashigi dai."

Da wannan layin na raba filin hawa uku. Can ƙasa ba mu zuba siminti ba, sai matakalar dutse da mashigin kwalekwale, muka dasa jema a gaɓa, don saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, tana riƙe ta ko ruwa ya shanye ta. Tsakiya ciyawa ce da benci na kankare da ruwa ba zai ɗauka ba. Bandaki da rumfunan masu soya kifi da wurin wasan yara duk suna sama.

Ƙasar garejin ce ta ci kuɗi. Da aka sa diga, ƙasar ta fito baƙi ƙirin, tana warin baƙin mai har ya hau kai. Wasu suka ce a zuba yashi a rufe, wa zai gani? Na ƙi. Ruwa na hawa zai jawo man ya kai wa kifi, yara kuma tona ƙasa suke yi. Muka kwashe ta, aka kawo jar ƙasa aka cike, aka daɓe wurin ya zama ma'ajiyar babura. Ko mangwaro ban yarda a dasa a nan ba, sai maɗaci da dogon yaro.

Bangon injin kuwa ban rushe shi duka ba, ya zama inuwar masu shayi. Fitilun sola ne suka ragu, an ce sai kuɗin baɗi sun fito, don haka yanzu da an yi magariba maigadi ke rufe ƙofa.