Yadda Thunderbird ke kwaso maka sababbin rubuce-rubuce

Mai shafuka goma ko ashirin da yake leƙawa kullum ya san wahalar: ka buɗe wannan babu sabo, ka buɗe wancan babu sabo, data kuma tana ta zurarewa. Thunderbird, manhajar imel ta Mozilla, tana iya yin wannan yawon a madadinka ta hanyar RSS ko Atom, wato wani fayil da shafi ke jera sababbin rubuce-rubucensa a ciki. Kowane sabon rubutu zai shigo kamar wasiƙa, da take da kwanan wata. Tun da Google Reader, mai irin wannan aikin, ya rufe a Yulin 2013, burauzar Firefox ma ta cire nata tsarin karanta RSS a 2018, wannan na cikin hanyoyin kyauta da suka rage a kwamfuta.

A cikin Account Settings za ka ƙara sabon asusu irin na Feed, ka ba shi suna. Ba ya neman kalmar sirri. Daga nan ka shiga Manage Subscriptions, ka liƙa adireshi a gurbin Feed URL, ka danna Add.

Adireshin nan ne yake kayar da mutane, domin sau da yawa ba shi ne na shafin ba. In da WordPress aka gina shafin, ƙara /feed/ a ƙarshen sunan shafin. In Blogger ne, /feeds/posts/default. In duk biyun sun ƙi, buɗe shafin a burauza ka danna Ctrl da U, ka nemi kalmar rss ko atom a cikin rubutun da ya bayyana.

Ga abin da ya kamata a gane da kyau: fayil ɗin RSS ba rumbu ba ne, faranti ne. WordPress, in mai shafi bai canza ba, rubutu 10 na ƙarshe kawai yake ɗorawa. Shafin da ke sakin labari 30 a rana, ka kashe kwamfuta kwana biyu, abin da ya wuce ya wuce, Thunderbird ba za ta gan shi ba. Kuma sai tana buɗe take dubawa. Asali bayan kowane minti 100 take zagayawa, wanda ya ishi marubucin mako-mako, amma ga shafin labarai a rage zuwa 30. Ƙasa da haka ɓarnar data ce.

Akwai zaɓin nuna taƙaitaccen rubutu maimakon loda shafin gaba ɗaya. Kunna shi. Abin da ya sauka yana nan a kwamfuta, ana karantawa ko babu intanet. Sai dai wasu masu shafin layi biyu kawai suke sakawa don dole ka je wurinsu, wannan kam ba laifin manhaja ba ne.

Wani lokaci za ka wayi gari tsofaffin rubuce-rubuce sun sake shigowa bibbiyu. Yawanci shafin ne ya sauya adireshi ko lambar da ke bambanta rubutu da rubutu, sai manhajar ta ɗauka sababbi ne. Share su kawai. In kuma ɓ, ɗ da ƙ suka koma wasu alamomi, tsarin haruffan shafin ne bai daidaita da UTF-8 ba.

Kafin ka sauya kwamfuta, danna Export ka fitar da jerin shafukan da kake bi a fayil ɗin OPML. Adireshi kawai yake ɗauka, ban da rubuce-rubucen da ka tara. Su sai ka kwafe jakar furofayil ɗin Thunderbird, inda take ajiye bayananka, ɗungurungum.