Wata bakwai da na yi a Kano da takardun harajin da suka kusa hana ni zama ɗan ƙasa

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an idar da sallah wani ƙanenmu ya tare ni a ƙofar masallaci nan Bronx a birnin New York, yana ta murna wai shekarunsa biyar da girin kad, wato katin zama na dindindin a Amurka, sun cika zai cike fom ɗin zama ɗan ƙasa, har ya haddace tambayoyin tarihin Amurka a wayarsa. Na ce masa Allah ya sa albarka, amma sau nawa ka je gida a cikin shekara biyar ɗin nan, kuma wa yake cike maka haraji? Sai ya yi shiru. Shirun nan na san shi sosai don nima na yi irinsa a gaban lauya a 2022.

Mu dai mutanenmu jarrabawar muke tsoro, waye shugaban ƙasa na farko, sanatoci nawa ne, turancin da za a ce ka karanta ka rubuta. Wallahi wannan duk mai sauƙi ne, wata ɗaya kana saurare a mota ka haddace. Abin da yake kayar da mutane yana cikin fasfo ɗinsu da takardun IRS, wato hukumar harajin Amurka, kuma abu ne da ya riga ya faru tun shekara uku ko huɗu baya, ranar intabiyu ba ka da yadda za ka yi ka canza shi.

Dokar dai ga ta. Mai girin kad sai ya yi shekara 5 yana zaune a ƙasar zama mai ɗorewa kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, in kuma auren ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa yake yi suna tare to shekara 3 ne. A cikin shekara biyar ɗin dole a ce ƙafarka tana cikin Amurka na aƙalla wata 30, wato kwana 913, masu aure kuma wata 18. Sannan ka yi wata 3 a jihar da za ka nema. An yarda ka tura fom ɗin, N-400 sunansa, saura kwana 90 shekarun su cika. To inda mutane suke ruɗewa shi ne sun ɗauka lissafin kwanakin nan shi kenan, alhali abu biyu ne daban: akwai jimillar kwanakin da ka yi a ƙasar, akwai kuma tsawon kowace tafiya ita kaɗai. Tafiya ɗaya in ta wuce wata shida hukumar USCIS mai kula da shige da fice da zama ɗan ƙasa za ta ɗauka ka yanke zamanka sai dai in ka kawo hujjar da ta nuna ba haka ba ne, in ta kai shekara cur kuwa babu maganar hujja, zaman ya yanke sai a sake lissafi.

Ni a 2019 Hajiyarmu ta kwanta rashin lafiya, na tafi Kano a watan Maris da niyyar sati shida. Jikin ya yi sauƙi ya dawo, ya yi sauƙi ya dawo, ni ne babba a gidan kuma ba zan iya tsallake ta a gadon asibiti in hau jirgi ba, ban dawo ba sai Oktoba bayan an yi sadakar bakwai. Allah ya jiƙanta. Ko yau aka mayar da ni baya haka zan sake yi, amma a lokacin ko sau ɗaya maganar wata shida ba ta zo min a rai ba, tunda da na sauka filin jirgi an ɗan yi min tambayoyi an buga min hatimi na wuce sai na ɗauka magana ta ƙare. Ashe barinka ka shigo daban, lissafin zama ɗan ƙasa daban.

Abin da ya cece ni shi ne iyalina suna nan ba su je ko'ina ba, yara suna makaranta, kuɗin haya yana fita daga asusuna duk wata, inshorar mota ban daina biya ba, kuma ban kama wani aiki a Najeriya ba. Irin hujjojin da suke dubawa kenan. Lauyar ta sa na tattaro takardar haya, bayanan banki na wata bakwai ɗin, takardun makarantar yara, har da na asibitin Hajiya, maman yara ta zuba su a wata jakar leda mai zif, har yau tana cikin durowa. Wasu suna cewa ai in ka karɓi takardar izinin dawowa kafin ka tafi, waccan ta fom I-131 da ke kai shekara biyu, shi kenan ka tsira. Girin kad ɗinka take karewa, amma ba ta hana lissafin zaman ya yanke.

Sai haraji, wanda shi ne ya fi hana ni barci. Ni direba ne, takardar 1099 ake ba mu ba a cire mana komai daga kuɗinmu, kai ne za ka lissafa ka biya kafin 15 ga Afrilu, kuma mai aikin kansa ko dala 400 ce ribarsa a shekara dole ya cike. Akwai wani mai cike wa mutane haraji da kowa ke zuwa wurinsa saboda wai yana sa a dawo maka da kuɗi mai kauri. Shekara biyu yana tambayata yara nawa nake ciyarwa, na faɗa masa har da 'ya'yan ƙanena marayu biyu da ke Kano tunda gaskiya ni nake ɗauke da su, ya rubuta, na sa hannu ban karanta ba. A wurinmu yaran nan nawa ne, babu wanda zai yi musu. A dokar harajinsu kuwa yaron da za ka rubuta sai ya zama ɗan ƙasar Amurka ko mazauninta, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Lauyar na ganin takardun ta cire tabarau ta ce wannan sai an gyara kafin mu tura komai.

Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don mutumin ya san dokar sarai, kuma sa hannun da ke ƙasan takardar nawa ne, ni za a tambaya. Na cike fom 1040-X na gyara shekarun biyu, kuɗin da aka ba ni ya zama bashi har da ruwa da tara, na nemi IRS su bar ni in riƙa biya wata-wata suka yarda. Wannan yana da muhimmanci jama'a su sani: bashin haraji shi kaɗai ba lallai ya hana ka ba, in dai ka cike takardunka kuma akwai yarjejeniyar biya da shaidar kana biya. Abin da ke kashe magana shi ne ɓoyewa, domin a cikin fom ɗin akwai tambaya ƙarara ko ana bin ka harajin tarayya ko na jiha ko na gari, kuma rantsuwa kake yi kafin ka amsa, duk wannan yana cikin abin da suke kira kyawun hali wanda sharaɗi ne.

Akwai wata tambayar kuma da take kama 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga tsakanin nan da gida, ko ka taɓa kiran kanka wanda ba mazauni ba a takardar haraji tun da ka samu girin kad. Wani sai a ce masa tunda rabin shekara kana Kano ko Kumasi ko Yamai cike 1040-NR, fom ɗin harajin waɗanda ba mazauna ba, ka rage kuɗi. Kar ka yarda, da hannunka ka rubuta wa gwamnati cewa ba a nan kake zaune ba, har girin kad ɗin kansa zai iya shiga matsala. Mai girin kad harajin duk abin da ya samu a duniya ake tambayarsa, hayar shagonka na Kantin Kwari ma tana ciki, kuma in kuɗin da ke asusunka na waje gaba ɗaya ya taɓa wuce dala 10,000 a shekara akwai rahoton FBAR da ake cikewa daban.

Ranar intabiyu ma'aikaciyar USCIS ɗin ta fi minti ashirin a kan tafiyar 2019 da takardun gyaran nan, jarrabawar tarihi kuwa ko minti biyar ba ta ci ba. Ta buɗe fasfo shafi-shafi tana gwada hatimi da kwanakin da na rubuta, ta karɓi bayanan harajina na shekara biyar waɗanda na sauke kyauta a shafin IRS, ta ga rasit ɗin biyan wata-wata, ta tambaye ni me ya sa na daɗe na faɗa mata mahaifiyata ce ta rasu. Ta ce min sannu, ta ci gaba da rubutu. Bayan 'yan makonni takardar ranar rantsuwa ta zo.

Ƙanen namu ya zo gida jiya da daddare da fasfo biyu, tsoho da sabo, muka baje su a tebur da biro da kalanda muna ƙirga. Tafiyarsa mafi tsawo wata biyar ce da kwana tara lokacin bikinsa, wannan lafiya lau. Harajin 2021 ne bai cike ba sam, shekarar da yake aikin kai saƙo da keke ana biyansa a hannu. Na ba shi lambar lauyar, ya ce ranar Litinin zai kira ta kafin ya taɓa fom ɗin.