Rahoton la'asar da ya riƙa share mana bafa

Kullum la'asar ta yi, sai kwamfutocin kanta su fara jan ƙafa. Shagon sarin magunguna ne a wajen Ƙofar Ƙaura, ni ke kula musu da saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gare ta, manhajar rumbun bayanansu kuma SQL Server ce. Yaron kanta zai danna sunan magani, ya jingina da kujera yana jira, layi har bakin ƙofa. Alhaji ya kira ni ya ce, "Injiniya, in ƙarin memori ne a sayo mu huta." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana uku in duba tukuna."

SQL Server ba ya son zuwa faifai, wato ma'ajiyar dindindin ta kwamfuta, don can akwai jinkiri. Bayanai a yanke suke shafi-shafi, kowanne kilobait 8, duk shafin da ya ɗauko sai ya aje shi a memori, a wurin da ake kira bafa, ko za a sake nema. Wuri ya cika, ya kori tsofaffi.

Na buɗe Performance Monitor, manhajar Windows mai auna aikin kwamfuta, na fara da Buffer cache hit ratio, wato kashi nawa cikin ɗari na shafukan da aka nema aka samu a bafa ba tare da zuwa faifai ba, na gan shi sama da kashi 99. Na saki jiki, na ɓata yini guda ina zargin wayar netwok. Ashe ma'aunin nan mayaudari ne: in ana karanta babban teburin bayanai, injin SQL Server kan riga tambaya ɗauko shafukan gaba, sai a ƙirga kamar dama suna memori, alhali faifai na can yana gumi.

Wanda ya tona asiri shi ne Page life expectancy, wato daƙiƙa nawa shafi ke zama a bafa kafin a kore shi. Na sa a riƙa rubuta shi duk minti ɗaya tun buɗe shago. Da safe yana hawa a hankali kamar tanki na cika. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna sai ya rikito ƙasa tim, Page reads/sec, wato yawan shafukan da ake karantowa daga faifai duk daƙiƙa, kuma ya yi sama. Washegari ma haka, lokaci ɗaya.

Na leƙa ofishin akanta. Yana dawowa daga masallaci zai danna rahoton ciniki, carbi na hannunsa. Rahoton na yini ɗaya ne, amma babu fihirisa a kan kwanan wata, sai injin ya bi teburin ciniki kaf tun na shekarar da aka buɗe shago, ya kore duk shafukan da kanta ke aiki da su.

Na sa fihirisar. Na kuma tarar ba a taɓa saita iyakar memorin da SQL Server zai ci ba, tana nan a kan megabait 2147483647 da take zuwa da ita, wato ci ba ƙoshi. Sabar gigabait 16 ce, na ba SQL Server 12, sauran na Windows. Tsohuwar ƙa'idar da ake yawan faɗa, cewa kada Page life expectancy ya yi ƙasa da daƙiƙa 300, ta zamanin ƙaramar memori ce. Ni yanayin layin nake kallo, ba lamba ɗaya ba. Duk ranar da aka ɗauke wuta, inbata ta gaza, saba ta sake tashi, bafa fanko take, ma'aunin daga ƙasa zai faro, ba na tayar da hankali a kansa.

Memorin dai ba a saya ba. Alhaji ya ce a sa kuɗin a batiran inbata.