Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: A Bakin Ƙofar Dakota

Makon jiya na tsaya a inda aka kwashe mu zuwa Binin. Wasu sun aiko ta hannun jikana suna tambaya ko na tuƙa jirgi. Ban tuƙa ba, ban kuma taɓa cewa na tuƙa ba. Ni kofur ne, aikina makamai: in duba bam, in ɗaura masa hanci, in loda shi. Matuƙi shi ake sani, shi ake ɗauka hoto. Mu da muke bayansa a cikin jirgin ko sunanmu bai riƙe ba.

Dakotan nan ba jirgin yaƙi ba ne. Jirgin fasinja ne mai farfela biyu, da yaƙin Biyafara ya tashi a 1967 aka karɓo irinsa aka cire kujeru, aka cire ƙofar gefe. Ba shi da ramin sakin bam a cikinsa irin na Ilyushin, jirgin bam ƙirar Rasha, ba shi da na'urar auna inda bam zai sauka. Mu ne ramin, mu ne na'urar. A jera bama-bamai a ƙasa a tokare su da katako kada su gangara, a ɗaura wa kowannenmu igiya a ƙugu, ɗaya bakin a jikin ƙarfen jirgi. In fitila ta kama daga wajen matuƙi, saje ya daka tsawa, mutum biyu su mirgino bam zuwa bakin ƙofa, a zare fil, a tura da ƙafa. Shi ke nan aikin. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin ƙofar jirgi a sama cikin dare ba, ba zai gane irin sanyin ba. Mutumin da ya tashi da hunturun Zazzau, sai ga shi haƙoransa suna haɗuwa a sararin ƙasar da ake kwana da zufa. Yatsu su sandare, ga warin mai, ga aman wani a ƙasa ana takawa.

Uli ake tura mu. Ba filin jirgi ba ne na ainihi, wani yanki ne na titin mota tsakanin Onitsha da Owerri da mutanen Ojukwu suka faɗaɗa. Bayan an ƙwace Fatakwal a 1968 ba su da teku, kusan duk abin da zai shiga Biyafara ta nan yake shiga, kuma da dare. Jiragen coci-coci daga tsibirin Sao Tome, na Red Cross daga Fernando Po, daga baya Kwatano, wasu daga Libreville. Wani ya ɗauko busasshen kifi da garin madara, wani ya ɗauko harsashi, duk a layi ɗaya cikin duhu ɗaya. Ba a kunna fitilun titin sai jirgi ya kusa taɓa ƙasa, a kunna na ɗan lokaci kaɗan a kashe. Wannan ƙyallin muke jira. Sai mu yi ta kewaya a can sama sosai, don igwoginsu na harbo jirgi ba sa wasa, kana ganin wutar tana hawowa ja-ja-ja tana mutuwa a ƙasanmu. Matuƙinmu Bature ne, sojan haya, yakan shiga rediyo yana yi wa matuƙan jiragen agaji ba'a da barazana. Mu ba ma ji, sai saje ya ba mu labari in an sauka. Albashinsa na wata ɗaya, yadda ake faɗa a bariki, ni ban ga irinsa ba a duk shekarun da na yi da kaki.

To a nan ne maganar Baffa take zuwa. Kun dai san Baffa, na ba da labarinsa tun kashi na 3. Lokacin da na sami hutu na je gida, na durƙusa na gaishe shi a zaure, bai ɗago daga buzunsa ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, an ce daga sama kuke jifa." Na ce, "Haka ne, Baffa." Ya ce, "Kana ganin wanda kake jifa?" Na ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Baffa, dare ne." Sai ya ce, "Mai jifa a kasuwa bai san kan wa dutsensa zai faɗa ba." Ya ci gaba da jan carbinsa. Ko ruwa bai ce a kawo mini ba, sai Inna ce ta ja ni ɗaki tana kuka, ta sake ɗinke mini layar da ta tsinke.

Na yi fushi ranar, har yau kuma da saura. Ba don maganar ba gaskiya ba ce. Kafin Binin na yi aiki a ƙarƙashin Ilyushin, waɗanda aka samo a 1968, Misirawa ke tuƙa su, mutum uku a ciki: matuƙi, mai duba hanya a hancin gilashi, da mai bindiga a wutsiya. Da rana suke tashi. Hannuna ya ɗaura bama-baman da suka tafi da su, kuma duniya ta san an jefa wasu a kasuwanni da asibitoci, a Aba da Umuahia da ƙauyuka. Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Abin da ya ci mini rai shi ne, gidan da aka gaya mini wannan magana, da kuɗin wa aka rufa shi da kwano? Duk wata ana yanke wani abu daga albashina ana aikawa, Yaya Babba ke sa hannu ya karɓa a madadin Baffa. Da shi aka biya harajin mutum biyar, da shi aka yi wa Yaya Babba lefen matarsa ta biyu. Ba wanda ya ce kuɗin jifa ne a mayar. Kuma shi wannan Yaya Babban, Allah ya jiƙansa, shi ne ya riƙa cewa a majalisa wai ni ɗan dako ne kawai a jirgi. To a zaɓi ɗaya mana. Ko ni mai kisa ne ko ɗan dako. 'Ya'yansa suna karanta wannan, na sani, su tambayi uwarsu wa ya sayi akwatunan.

A watan Mayu na 1969 aka rama mana. Wani tsohon Bature ɗan Suwidin, von Rosen, ya zo da wasu ƙananan jirage na koyon tuƙi, ya maƙala musu rokoki. Suka fara da Fatakwal, bayan kwana biyu sai ga su a Binin da asuba, ƙasa-ƙasa kamar za su shafi itatuwa. Na fito ke nan da buta. Ban san lokacin da na faɗa kwata ba. Jiragen da muke taƙama da su suna ci da wuta a inda aka ajiye su, ba wanda ya ko tashi. Ranar na san yadda ƙarar take a kunnen wanda yake ƙasa. A cikin wannan shekara dai, watan Yuni, wani jirgin yaƙinmu, MiG, ya harbo jirgin Red Cross, suka dakatar da jigilarsu, coci-coci kuwa suka ci gaba. A Oktoba shugabanmu na sojan sama, Kanar Shittu Alao, ya rasu a hatsarin jirgi a Uzebba. Mutum ne da yake shiga jirgi da kansa, ƙananan sojoji sun yi kukansa.

Bari in tsallaka, don in ban faɗa yanzu ba, zan manta. Shekaru da yawa bayan na ajiye kaki na buɗe gareji a Kano, akwai wani Inyamuri a Sabon Gari da nake sayen kayan gyara a wajensa. Yana ba ni bashi ba takarda. Wata rana hira ta kai mu yaƙi, ya ce yana yaro a kusa da Uli, su ake tasa cikin dare da kwanduna su cike ramukan bam da jar ƙasa kafin jirgi na gaba ya sauko. Na ce, "To ai ni ne mai haƙa muku ramin." Ya yi dariya har da buga kanta, ya ce, "Alhaji, ashe kai ne ka hana ni barci!" Can kuma ya ce ramin ba shi ne damuwarsu ba. Damuwarsu daren da jirgin abinci zai yi ta kewayawa saboda mu, mai ya kusa ƙare masa, ya juya da kayansa. Ƙanwarsa ciwon yunwa ne ya kashe ta, irin wanda ke kumbura ciki ya jajanta gashi. Ya ɗauko mini fulogin da na zo saye, ya rubuta a littafin bashi. Mun ci gaba da ciniki har ya koma garinsu. Baffa a tunaninsa dutse sai ya faɗa kan mutum yake kisa. Bai san da wannan ba, ni ma a bakin ƙofar ban sani ba.

Da aka yi abin Tudun Biri a ƙarshen 2023, jirgi marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi, jikokina suna ta zagi a waya. Ni na kasa cin tuwo. Aka ce yanzu suna da na'urar da ke nuna musu ƙasa tar da dare. Mu da ba mu gani an ce mana masu jifa a kasuwa, su masu ganin fa?

Ojukwu ya bar ƙasar ta Ulin nan a Janairun 1970, ranar 15 ga wata aka miƙa wuya a Legas, Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Baturenmu tuni ya kama gabansa da kuɗinsa, ko sallama bai yi mana ba. Ni aka ba ni tikitin jirgin ƙasa da hutu. Na isa gida na tarar Baffa ya kwana arba'in a ƙasa, ba wanda ya aiko mini, amma kuɗin watan an je an karɓa. Maganar gonar fadama da yadda aka raba gado ba da ni ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.