Wuyan kirinjijiya ne ke faɗin gaskiyar hoto

Mai ɗaukar hoton biki, irin aikin da nake ci da shi a Tahoua, ya saba mutane su nemi kamararsa. Amarya ta gyara ɗankwali, abokan ango su matso su haɗa kafaɗa. Agwagin daji kuwa ba abin da suka ƙi jini kamar a lura da su. Shi ya sa bakin tabkin Tabalak ya koya mini abin da filin biki bai koya mini ba.

Tabalak yana kan hanyar Agadez, wajen kilomita 50 daga Tahoua, kuma tun 2005 yana cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare dausayi. Idan sanyi ya shigo, ruwan yakan cika da tsuntsaye. Akwai kirinjijiya, agwagwar daji mai farar fuska da baƙar ƙeya, wadda tun kafin ka gan ta za ka ji fitonta sau uku a jere. Akwai ɗinya, babba, baƙa da farin ciki. Sai wasu ƙananan agwagi da ke ƙetaro Sahara daga Turai bayan damina, su zauna har wajen Maris. Da farko launinsu na ƙasa ne, ba sa jan ido, amma kusa da tafiyarsu sai farin layi ya fito wa namijin a saman ido.

Tsoronsu yana da dalili, domin ana farautarsu. Abin da na lura shi ne ba kowane mutum suke gudu ba. Mai ban ruwan albasa yana kai da komo a gefensu, masunci yana tuƙa kwalekwalensa, ba su damu sosai ba. Wanda ya miƙo kansu kai tsaye, ya tsaya cak, ya ɗaga wani dogon abu baƙi ya nuna su, shi ne abin gudu. Don haka na daina bin su. Ina isa bayan sallar asuba da duhu-duhu, da tufafi masu launin ƙasa, in zauna a gindin bagaruwa inda rana za ta fito ta bayana, in bar su su zo. Kirinjijiya da dare take yawan kiwonta, da safe tana neman inda za ta huta ta gyara gashinta, kuma idan ba ka motsa ba ita ce za ta rage tazarar da ke tsakaninku. Da hantsi ya yi, aiki ya ƙare: zafi yana sa iskar da ke kan ruwa rawa, hoton abin da ke nesa ya fito dishi-dishi komai tsadar madubin kamararka.

Amma babban darasin a wajen tantance hotuna na same shi, kuma daga bakin wanda bai taɓa riƙe kamara ba. Wani dattijo masunci yana gyaran komarsa a gaɓa, na nuna masa wani hoto da nake ji da shi: garken kirinjijiya a jere, haske ya zauna, kowace ta fito tsaf. Ya duba ƙaramin allon, ya ce, “Ɗana, ai waɗannan sun riga sun gan ka.” Na ce, “Baba, ta yaya ka sani?” Ya sa yatsa a kan wuyansu. Duk sun miƙe sambal, kawuna sun juya gefe guda, ba wadda bakinta ke cikin ruwa.

Tun daga nan, idan na zauna gaban kwamfuta, wuya nake fara dubawa kafin haske da launi. Agwagwar da hankalinta ke kwance wuyanta a lanƙwashe yake, tana tsefe gashin abokiyarta, ko ta tsaya da ƙafa ɗaya ta cusa baki a bayanta. Wannan hoton rayuwarta ne. Wadda ta miƙe wuya, zuwana kawai na ɗauka.

Bayan wuya sai ido. Idan idon bai fito sarai ba, da ɗan ɗigon haske a cikinsa, ina share hoton ko da fukafukan sun yi kyau. Sai farar fuskar nan, wadda ita ce wahalar kirinjijiya: rana tana ɗan ɗagawa sai farin ya ƙone, ya zama fili babu zanen gashi, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa a kwamfuta. Gara in rage haske tun wajen ɗauka, in ɗaga duhun jikin daga baya. Ƙyallin ruwa ma yana ruɗin kamara ta mai da tsuntsu baƙin inuwa, don haka a kan jikin tsuntsun nake auna haske. Hoton da aka ɗauka a tsaye yana nuna bayan agwagwa da laka. Wanda aka ɗauka a kwance, daidai da idonta, shi ke narkar da ciyayin baya ya bar ta ita kaɗai. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma yana wanke launin jan ƙirjinta, sai an matso sosai.

Hotunan da mutane suka fi yabawa a Facebook su ne na garke ya tashi gaba ɗaya, fukafukai sun rufe sama. Suna da kyau, kuma ɗaukarsu ba wuya idan ka sa saurin ɗauka ya kai 1/2000 na daƙiƙa. Ni dai ina tambayar abin da ya tashe su. Idan shaho ne ya gifta, ko lokacin tashinsu ne ya yi, madalla. Idan mai hoto ne ya tafa hannu ko ya sa yaro ya yi jifa, ba na yaba masa, kuma ina faɗa wa matasan da ke koyo a wajena haka. Baƙin nan na Turai kitse suke tarawa don ƙetare hamada a Maris, kuma duk tashin da aka tilasta musu daga cikin wannan guzurin ake cirewa.