Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ranar da Na Sayi Kyamarata ta Farko

Makon jiya na tsaya a daren da na kwashi adashi. Zubin wata goma ne, dubu goma-goma, na haɗa da kuɗin ɗan kunnen gwal ɗin da Umma ta yarda in sayar bayan doguwar magiya, suka tashi naira 150,000. Na ƙulle su a ɗankwali na tura ƙasan akwati. Daren nan sau uku ina tashi in laluba.

Kuɗin sun zo a mummunan lokaci. Tun watan Yunin 2016 da Babban Banki ya saki naira, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Zuwa Fabrairun 2017 dala ɗaya ta haura naira 500 a hannun 'yan canjin Wapa. Sabuwar kyamarar da nake ta kallo a waya tun ina fara zubi, na iske kuɗina ko rabinta ba su kai ba. Na yi kuka sosai. Umma ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Tashi ki je wajen Kawunki. Shekara nawa yana wannan sana'a, ke kina nan kina shawara da waya?"

Kawu yayan Umma ne, yana da ɗan shagon hoto a Fagge tun zamanin fim, lokacin da naɗi ɗaya hoto 36 ne kacal, kuma sai an wanke mutum zai san ko ya yi daidai ko ya ɓata. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai. Bai tambaye ni wace kyamara nake so ba. Cewa ya yi, "Wa za ki ɗauka, kuma a ina?"

Na ce mata, a wajen kamu da lalle da suna, cikin gida inda ba a barin maza su shiga.

"To ɗaki ke nan," in ji shi. "Ɗaki mai taga ɗaya, an ɗauke wuta, amarya ta lulluɓe fuska. Abin da kike nema haske ne, 'yata. Kuɗinki ido za su saya, gangar jiki ko tsohuwa ce za ta yi."

Ban fahimta ba sai da ya ɗauko nasa kayan ya nuna mini. Ashe ido shi ne gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Idon da ake haɗo wa ƙananan kyamarori a kwali, mai lamba 18-55, idan aka jawo shi ƙarshe ƙofarsa tana tsayawa a 5.6. Shi kuwa ɗan ƙaramin idon nan mai lamba 50, wanda ba ya jawowa ba ya turawa, yana buɗewa har 1.8. Ƙanƙantar lambar ita ce faɗin ƙofar. Tsakanin biyun, hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Ya kashe fitilar shagon, ya zaunar da yaronsa a bakin ƙofa, ya ɗauke shi da kowanne. A na farko yaron ya fito dishi-dishi kamar an shafa toka. A na biyu har zufar goshinsa ina gani, bangon bayansa kuwa ya narke ya yi laushi. Na daɗe ina kallon hoton nan. Irinsa nake gani a shafukan manyan masu hoto, ina zaton sai mai miliyan ke iya yinsa.

Ranar Asabar muka hau A Daidaita Sahu zuwa titin Beirut, inda ake sayar da kwamfutoci da kayan lantarki sababbi da na hannu. Shagon farko da muka shiga, mai shi ya ga yarinya da jaka a rungume, nan da nan ya sauko da Nikon D3200 tana sheƙi. Ya ce wannan megafiksal 24 ce, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, Canon ɗin da Kawu ke tambaya 18 ce kawai, ai lissafi a fili yake. Gaskiya zuciyata ta tafi. Kyamara ce mai kyau, har yau ba na kushe ta, kuma ta fi waccan ƙuruciya, don a 2012 ta fito. Kawu ya ja ni gefe. Ya ce hoton da za a tura ta WhatsApp ko a wanke a sa a albam, 18 ta ishe shi har da saura. Sannan wannan Nikon ɗin ba ta da injin saita ido a jikinta, tsohon ido mai lamba 50 mai araha ba zai saita kansa a kanta ba, sai na sayi sabon samfurin da ya fi tsada sosai. Abu na uku shi ya kashe maganar: "Ni Canon gare ni. Ranar da batirinki ya mutu ana tsakiyar biki, ko kika buƙaci filasha, wajen wa za ki zo?"

A shago na uku muka sami Canon 600D ta hannu, fitowar 2011. Robar da ake riƙewa ta ɗan saki, lambobin wasu maɓallai sun fara gogewa. Ni da na ganta raina bai so ba. Kawu kuwa ya nemi kujera ya zauna, kamar mai duba akuya a kasuwar Wudil.

Ya sa aka haɗa ta da kwamfuta don a ga sau nawa ta taɓa ɗauka, domin Canon irin wannan ba ta nuna adadin a jikinta. Aka ga ɗan sama da 21,000. Ya ce ƙananan kyamarori irinta ana sa ran labulen cikinsu, wanda ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, ya kai wajen 100,000 kafin ya gaji, saboda haka da sauranta. Ya tsuke ƙofar ido zuwa 22, ya ɗauki farar takarda, ya buɗe hoton ya bi shi lungu-lungu yana neman ɗigon ƙura a kan sensa, wato farantin cikin kyamara da hoto ke sauka a kai. Ya sami biyu, ya ce na hunturu ne, za su goge. Ya buɗe ɗakin batir ya shinshina, ya duba ko akwai tsatsa. Ya juya allon bayan ya ga ko igiyarsa na yankewa. Wannan allo mai juyawa shi ya fara sa na so ta. Ni gajeriya ce, kuma duk wadda ta taɓa shiga kamu ta san yadda mata ke yi wa amarya rumfa. Da shi zan ɗaga kyamara sama da kawunansu ina ganin abin da nake ɗauka.

Da aka zo kan ido, mai shagon ya miƙo ɗaya mai tsabta a waje. Kawu ya cire murafunsa biyu, ya haska tocilar wayarsa ta baya, ya ce in leƙa. A can cikin gilashin na ga wasu siraran zare farare sun bazu kamar saƙar gizo. "Fumfuna ce," ya ce. "Wannan ya kwana a gari mai laima. Tana cin gilashi, kuma tana yaɗuwa." Mai shagon ya rantse bai lura ba, ya shiga ciki ya fito da wani. Shi ma aka haska, ya fito tas.

Ciniki ya ɗau kusan awa. Kawu ya miƙe sau biyu kamar zai tafi, ni kuwa cikina na ta kaɗawa kada wani ya shigo ya ɗauke. Daga ƙarshe gangar jiki da batir da caja suka tsaya a 105,000, ido 30,000. Na so in sayi jaka mai tambari da ragowar, Kawu ya hana. Ya sa na sayi batir na biyu da memori guda biyu ƙanana maimakon babba ɗaya, wai idan ɗaya ya lalace kada bikin mutane ya tafi gaba ɗaya. Jaka kuwa, tsohuwar jakar makarantar ƙanwata na shimfiɗa wa tawul a ciki. Da na ƙirga abin da ya rage a ɗankwalin, naira 1,800 ne.

A hanyar dawowa na rungume ta a cinya, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar a ƙirjina. Ina shiga gida na tarar da Umma a ɗaki tana tsintar shinkafa, magariba ta kawo jiki, hasken taga ya sauka a gefen fuskarta. Ban ce mata komai ba na ɗauka. Shi ne hotona na farko, yana rataye a shagona yanzu. Da na nuna mata ta yi shiru, ta taɓa kunnenta, sannan ta ce, "Allah ya sa albarka."

Abin da Kawu ya faɗa mini a shago ban riƙe ba shi ne, a kan irin wannan kyamara ido mai lamba 50 yana matso da abu kusa, kamar mai lamba 80. Sati biyu bayan nan aka kira ni aikina na farko, kamun wata 'yar unguwarmu. Hotunan amarya ita kaɗai sun yi kyau har ƙawayenta na ihu. Sai uwar biki ta tafa hannu ta ce dangin ango su taru a yi na gaba ɗaya. Mata goma sha bakwai suka jeru a falo. Na ja baya, na ƙara ja, har bayana ya daki bango, na leƙa, mutum biyar kawai nake gani.

Yadda na fita daga falon nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.