An ɗauke mana Baba daga wad

Yau da safe ina rabon magani a wad ɗin maza na asibitin masu taɓin hankali, wani mara lafiya ya damƙe baki ya ƙi karɓa, sai waige-waige yake yana cewa "Sista ina Baba?" Baba fa atenda ne, wato mai taya mu kula da marasa lafiya, shi kaɗai ya san in bawan Allahn nan ya fara murza hularsa to a ja shi waje ya sha iska tun abu bai ɓaci ba. Sabon rosta, wato jadawalin aiki, ya fito, an haɗe wad biyu, an tura Baba wani sashe ko sallama ba su yi ba. Wallahi sai da na shiga ofis na share hawaye.

Ba canji nake ƙi ba, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu ta maye gurbin ta 1958, ta taƙaita ɗaure marasa lafiya, kuma na yi murna sosai. Amma barin ɗauri sai da ma'aikacin da ya san halin mutum, mu kuwa kullum raguwa muke, wasu sun tafi Ingila wasu Saudiyya, wanda ya rage gajiya ta cinye shi. Ni dai ina ganin ya kamata a riƙa tambayar ma'aikatan da ke kwana a wad kafin a sauya tsari.